Tambayoyinku: waken ajiya, salatin kasuwa da iccen ƙofar gida

Assalamu alaikum. Tambaya ta farko daga wani magidanci ne a unguwar Garin Malam, nan Damagaram. Ya ce ya sayi tiya arba'in ta wake da kaka yana son ya kai ta damina, mai sayarwa kuma ya ba shi shawara ya yayyafa piya-piya kafin ya ɗinke buhu. Yana tambaya ko ya yi haka, ko ya sayi buhun nan mai leda biyu da ake cewa ba ya buƙatar magani, duk da ya fi tsada.

Malam, don Allah kada piya-piya ya kusanci abin da iyalinka za su ci. Sinadarin da ke cikinsa sunansa diklorbos, guba ce da ke aiki a jijiyoyin ƙwaro, kuma irin aikin da take yi ke nan a jijiyoyin mutum. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda an yi ta samun wannan sinadari a cikinsa fiye da ƙima. Su sun iya maido da kaya daga bakin teku. Mu a nan ba mai auna mana, tukunya ce kawai ke karɓa. Ni kaina na taɓa sayen wake a kasuwa, sai da aka jiƙa shi wari ya tashi kamar an buɗe kwalbar fesa. Na zubar da shi, har yau kuma ina tunanin gidajen da suka sayi sauran buhun suka dafa wa yara.

Buhun da kake nufi shi ne PICS. Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta fito da shi, masu bincike na INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, a Maraɗi kuma suna cikin waɗanda suka gwada shi a ƙauyukanmu tun wajen 2007. Ledoji biyu ne masu kauri a cikin buhun saƙa. Idan ka ɗaure su, ƙwarin da ke cikin waken suna shanye sauran iskar da ta rage, daga nan su daina ci, su daina haihuwa, su mutu. Amma yana da sharuɗɗa. Waken ya bushe ƙayau, a fitar da tsakuwa da tsinken da zai huda leda. Kafin ka zuba, hura kowace leda ka matse ta ka ji ko tana fitar da iska. A ɗaure kowace ɗaya daban, ta ciki tukuna. A ɗora buhun a kan katako nesa da bango saboda ɓera. Abin da ya fi kayar da mutane shi ne buɗewa kullum don ɗiban na tukunya: ware na wata ɗaya a jarka mai murfi, ka bar babban buhu a rufe. In ka kula da shi zai yi maka shekara fiye da ɗaya, to sai ka raba kuɗinsa a kan shekarun ka ga wanne ne mai tsadar. Jarkar mai da aka wanke ta bushe, aka cika ta har wuya aka toshe, ita ma tana yin wannan aiki.

In kuwa tsautsayi ya sa wani ya sha ko ya shaƙi irin wannan magani, ka ga yawu na zuba, gumi, amai, numfashi na sarƙewa, to a tafi asibiti nan take tare da kwalbar. Kada a tsaya ɗura masa madara ko mai.

Wata uwargida daga Zango ta ce ta ji ana maganar kayan lambu na "biyo", wato wanda ba a sa masa maganin fesa ko takin zamani ba. Tana so ta san yadda za ta gane shi a Kasuwar Dole, da kuma ko wankewa da ruwan jabel na fitar da magani.

Hajiya, da ido ba a ganewa, kuma duk wanda ya ce miki yana ganewa ya faɗi abin da ya fi ƙarfinsa. Shu mai ƴan ramukan tsutsa a ganyen waje yakan nuna ba a cika masa fesa ba, amma alama ce kawai. Ruwan jabel, ɗigo kaɗan a ruwa mai yawa sannan a ɗauraye, ƙwayoyin cuta yake kashewa, kuma wannan ma babban amfani ne ga salatin da ake ci ɗanye. Wankewa da ruwa sosai, cire ganyen waje da fere karoti suna rage abin da ya kwanta a bisa. Maganin da ya riga ya shiga jikin ganye kuwa ba ruwan da ke fitar da shi. Shi ya sa a jikin kowace kwalbar kirki ake rubuta kwanakin da manomi zai jira tsakanin fesa da tsinka. Matsalar ita ce wanda ya fesa jiya ya kawo kasuwa yau.

Saboda haka shawarata ki yi abokin ciniki. Yawancin abin da muke ci daga garaken Miriya, Gidimuni da kwarin Matameye yake zuwa, wasu kuma a nan bakin tafkunan gari ake noma su. Ki tsayar da mai sayarwa ɗaya, ki riƙa tambayarsa garkar wa, yaushe aka yi fesar ƙarshe, da me aka yi. Ranar farko zai yi miki kallon mamaki. In mata goma suka yi masa tambayar a mako ɗaya, shi da kansa zai kai ta garka. Na fi yarda da wannan a kan kowace takardar "biyo" da ba mu da hanyar tantance ta. Zogale da yakuwa kuma, ko a tsohon bokiti ne, ki shuka naki da ruwan wankin shinkafa.

Tun da mun taɓo garka, wani matashi daga Miriya ya tambayi abin da zai saya wa darɓa da tsutsar shu. Ƙanena, fara da abin da ke zube a ƙarƙashin bedi kyauta. Ka tara ƴaƴansa, ka shanya a inuwa, ka daka. Gram 500 na garin a lita 10 ta ruwa, ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma har ƙarƙashin ganye. Ba ya kashewa nan take, hana ƙwaro ci da girma yake yi, rana kuma tana karya ƙarfinsa, don haka a maimaita duk mako. In abu ya gagara har sai ka sayi na kwalba, nemi mai lambar amincewar CSP, kwamitin tantance maganin ƙwari na ƙasashen Sahel (CILSS), ka dubi launin da ke gindin takardar: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Wanda aka ɗura a robar ruwa ba suna ba takarda, bar shi inda ka gan shi. Ma'aikatan gona da na CRA, wato majalisar manoma ta jiha, a nan Damagaram za su duba maka kwalba kafin ka buɗe.

Ta ƙarshe daga matasan wata fada ce a Birni. Sun haɗa ƴan jikkuna suna so su shuka itatuwa a layinsu ranar 3 ga Agusta, bikin icce da ake yi tun 1975, suna tambayar wane iri za su saya.

Allah ya yi muku albarka, samari. Kun san halin ruwa a garin nan, mun saba da famfo ya yi kwanaki shiru. Kada ku sayi iccen turare, shan ruwansa ya yi yawa. Mangwaro sai cikin gida inda akwai mai kula. Bakin hanya bedi ne, ko tsamiya ga mai haƙuri, ko aduwa da magarya da suka san ƙasar. A nisanta bedi daga katanga da bututun ruwa, saiwarsa na tafiya. Kuma ku kashe kuɗin kariya fiye da na dashe, domin awaki ne ke cinye mafi yawan abin da ake shukawa ranar biki. Manoman Magarya da Matameye sun cika gonakinsu da gawo ta hanyar barin tohon da ya fito da kansa suna sassabe masa. Ku ma ku fara zaga layin ku ga ko akwai ɗan tsiron da kariya kawai yake jira. Icce goma da kowanne ke da gidan da ya ɗauki nauyin ba shi ruwan alwala daga Maris zuwa Yuni sun ishe ku bana. Ku rubuta sunan gidan a jikin kariyar.