Uban yaron ba shi gari kac ce?

Yaro saƙonka ya iso, jikata ta karanta min jiya bayan isha'i. Wai wata tsohuwa ta kawo maka jinjiri a yi mai tsagar gado, uban ba shi gari, kana son in gaya maka layi nawa a ka yi ma Bagobiri da zurhin da aska ka shiga. Shekara huɗu kana ɗaukar min zabira yau kai ad da bakin tambayata zurhin aska? Ba ni ɓata yawuna. Shida gehe guda bakwai gehe guda kuwa ko mai saida daddawa kasuwar Sabon Birni ta gaya maka. Abu guda yat tsaya min ga rai cikin maganakka, wanga uban da ba shi gari.

Shekarar 1984, wadda anka yi canjin kuɗi ga hwari ya matsa ma mutane, lokacin Argungu na cikin jihar Sakkwato don sai 1991 anka yanke Kebbi, akwai wani babban gida ƙetaren gulbi da tun kakana mu ad da askinsu. Suna, kaciya, ƙaho, cire beli, duk mu na. Kowace kaka dami biyar na gero ka shigowa gidanmu ban da shinkahwa, ranar suna kason namanmu ba a ko tambaya. Ɗiyar gidan na aure ga wani Bagobiri, ta zo gida haihuwar hwari, mijin ya tahi cin rani Badun. Ran bakwai na yi ma yaro askin suna ina naɗe zabira sai mai gidan, uban yarinyar, yaj ja ni zaure mu biyu yac ce a yi mai tamu ta Kabawa. Nic ce Alhaji tsaga ai ta uba ta. Yac ce sun gama magana da mijin kahin shi tahi, ya yarda, har da rantsuwa. Mutum da hurhura, tasbaha ga hannu, gidan da ubana yac ci yas sha, mi za ni cewa? Kuma ba ni ɓoye maka, ya ciro sabbin kuɗi na gani.

Na zauna na yi. Abin da ka ƙona min rai har yau aikin ya yi kyau wallahi, layuka sirara sunka taso daga gehen baki sunka bi kumci kamar an ja zare, babu wadda ta hau 'yar uwatta, na shahe da baƙin tukunya, tsohhin gidan na ta guɗa.

Wata uku mijin yad dawo, ya buɗe zane ya iske Bakabe kwance. Sai gaban hakimi. Can tsohon nan, wanda yar rantse min, yad dube ni ido cikin ido yac ce shi bai sa ni ba, ya hita sallar azahar ya dawo ya iske aikin gama ya gama. Shaidata wa? Zaure? Ɗan bijimin da nis shekara biyu ina turkawa shi nis saida nib biya, auren yam mutu duk da haka, gidan kuma sunka ɗauki wani wanzami na ƙauyen gaba wanda ni da hannuna nik koya mai riƙon aska. Dami biyar kowace kaka, ka lissaha shekara arba'in da kanka tunda kun yi boko. Yaron na nan, ya zama magidanci, ran kasuwa shina durƙusa min shi ce Baba ina wuni, ni kuwa in kasa kallon huskatai, don in ya je dangin ubanai har gobe baƙo su ka ce mai.

Ku yaran yanzu ba ku san nauyin abin ba shi ya sa. Zamanin yaƙi da kamun bayi da wagga tsaga a ka gane naka ko an kai shi bangon duniya. Kuma ba mu kaɗai na ba, Yarbawa taubasan Gobirawa na da tasu, Nuwer na Sudan ta Kudu layi shida su ka ja ma yaro ga goshi ranar da ya zama namiji, Mawori na Niyuzilan da ƙashi sunka riƙa sassaƙa huska kowa da zanen asalinai, har 2020 anka ba wata macce mai zanen gado ga haɓa ministar harkokin waje ba ta ɓoye ba. Amma namu samarin su ce tsaga ƙauyanci ta, su tahi a zana musu kunama ga damtse ko sunan budurwar da ba ta kai baɗi, wai tatu, don sun ga ɗan ƙwallo. Kunamar nan ta gidan wa ta?

Ni dai na aje ta hwa. Tun 2003 gwamnatin tarayya ta yi dokar kare haƙƙin yara ta hana yi ma yaro zane ga jiki, malamai na wa'azi kanta, ga ƙanjamau ga ciwon hanta, wanda in na ji ka sa reza guda ga kai biyu ko aski na ka daina ce min Baba. Tsohuwar ka ba ta haƙuri, ka yi askin sunanka ka amshi goronka ka taso. In ta matsa ka ce in uban ya dawo shi zo da ƙahwatai wurina, ni ka magana da shi gaban mutane, ba cikin zaure ba.

Kuma dutsin washina da kad ɗauka tun watan azumi, ka aiko min abina ran Juma'a.