Tambaya da Amsa: Makaranta ta ce a tsallakar da 'yata daga aji huɗu zuwa JSS 1

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. 'Yata ta gama aji huɗu na firamare a wata makarantar kuɗi a nan Kano, sai watan Disamba za ta cika shekara 9. Kullum ita ke zuwa ta ɗaya. Mai makarantar ya kira mu ya ce zamanta a aji biyar da shida ɓata lokaci ne, a yi mata rajistar jarrabawar kwaman entirans ta wuce JSS 1 a sashensu na sakandare. Babanta ya amince, ya ce an rage mana kuɗin shekara biyu. Ni hankalina bai kwanta ba, don idan aka ba ta aikin gida na lissafi mai dogon bayani sai ta sa kuka har sai yayarta ta yi mata. Ina tsoron in hana in tauye ta, ina tsoron in bari in cuce ta. Daga wata uwa a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki yarda. Kukan nan da take yi a kan aikin gida ya fi katin sakamakonta faɗa miki gaskiya, kuma Allah ya saka miki da kika lura da shi.

Bari in tsaya a kan maganar mai makarantar, domin ita ce cutar da nake gani kullum tun ina koyar da lissafi a ƙaramar sakandare: wai aji biyar da aji shida maimaici ne, yaro mai ƙwaƙwalwa ba ya buƙatarsu. Wannan magana ba ta da tushe ko kaɗan. Manhajar ilimin bai-ɗaya da hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, NERDC, ta tsara ta shekara 9 ce a jere, an kasa ta uku: firamare 1 zuwa 3, firamare 4 zuwa 6, sai JSS 1 zuwa 3. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ita ma shekarun nan 9 ta wajabta wa kowane yaro. 'Yarki yanzu ta sa ƙafa ne a kashi na tsakiya, shekara ɗaya kacal ta yi a cikinsa. A shekaru biyun da ake so a yanke mata ne ake zaunar da yaro a kan lissafin rabi da sulusi da rubu'i, da lambobi masu ɗigo, da kaso cikin ɗari, da rabon abu bisa gwargwado. A nan ne kuma yake tashi daga koyon karatu ya koma karatu don ya fahimci abu, ya karanta shafi guda ya faɗi abin da ke ciki da bakinsa, ya rubuta wasiƙa ba tare da an rubuta masa a allo ya kwafa ba. Malamin JSS 1 ba zai koma baya ya koyar da waɗannan ba. Manhajarsa ta ɗauka an zo da su, shi zai ɗora ne da lissafin haruffa da lambobin da ke ƙasa da sifiri.

Akwai wani yaro da ban manta da shi ba, a JSS 2 na same shi, ɗan tsurut, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa idan ya zauna a benci. Daga aji huɗu aka kawo shi, da kyaututtukan zuwa na ɗaya fal gida. Na rubuta a allo rabi a tara da rubu'i, ya tashi da saurinsa ya rubuta 2 bisa 6, ya haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Na ɗauko lemo na yanka a gabansa, na ba shi rabi na ƙara masa rubu'i, na ce duba hannunka, wannan ya yi kama da 2 bisa 6? Ya daɗe yana kallon lemon, sai hawaye. Yaron nan yana da kai, wallahi. Kawai babu wanda ya taɓa koya masa. Kafin ƙarshen shekarar ya koma bencin baya, ya daina ɗaga hannu, uban kuma yana ta faɗa wai ya lalace da wasa.

To ki ce ai za ta ci jarrabawar. Za ta ci mana! Kwaman entirans tambayoyi ne na zaɓi ɗaya cikin amsoshi, kuma na san yadda ake yi: a tara yara zango guda da tsofaffin takardun jarrabawa, safe da yamma har Asabar, su haddace salon tambayar. Cin wannan ba shaida ba ce cewa yaro ya san abin aji shida. Zuwa na ɗaya ma a cikin yara 20 na aji huɗu ne, a jarrabawar da makarantar ta tsara ta kuma yi makinta da kanta.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mu Hausawa mun fi kowa sanin wannan a wani fagen. Wane malamin allo ne zai bari yaro ya wanke allonsa bai biya ba? Wa ya taɓa ganin an kai yaro farfaru bai iya babbaƙu ba, ko an ɗauke shi daga izu 10 an dire shi a izu 30 saboda yana da kaifin hadda? Uban da za a gaya wa haka a tsangaya ranar zai cire ɗansa. Amma da an zo boko sai mu riƙa tafi, har a yi ta alfahari a gidan biki, wai 'yar wance shekara 9 tana sakandare.

Ki kuma tambayi kanki ribar wa ake nema. Kuɗin sashen sakandare ya fi na firamare, ga sabon yunifom, ga sababbin littattafai. Makarantun kuɗi da yawa ma ba su da aji shida sam, wasu ɗakin ne babu, wasu albashin malamin suke gudu, wasu kuma tsoro suke kada maƙwabciyar makaranta ta riga su yi wa iyaye tayin tsallake. Masu duba makarantu sun san da haka sarai. Za su zo su zauna a ofishin shugaba, su duba rajista, su sa hannu su tafi, babu mai zagayawa ya ce a nuna masa ɗakin aji shida. Takarda ta cika, yaro ya tafi da ramin shekara biyu a kansa.

Maganar ragin kuɗi da Alhaji ya yi, ku zauna ku yi lissafin tare cikin natsuwa. Idan ta shiga JSS 1 bana, za ta gama SS 3 tana da shekara 14. Ƙa'idar shiga jami'a a Najeriya shekara 16 ce. A 2024 har an yi ta cece-kuce a kan mayar da ita 18 kafin a dawo da ita 16. A jarrabawar JAMB ta 2025 an bar 'yan ƙasa da 16 su gwada bisa sharaɗin samun maki 320 cikin 400, yara fiye da dubu 40 suka zauna, waɗanda suka kai makin ba su cika 600 ba. Ke nan shekaru biyun da aka yanke a firamare za ta biya su a zaune a gida, bayan an kashe kuɗin malamin lesin na cike giɓi. Sauri ya haifi nawa. Ban ma taɓo zaman yarinya 'yar shekara 8 a aji ɗaya da 'yan 12 da 13 da suka fara zama 'yanmata ba, da irin hirar da za ta riƙa ji, ke uwa ce kin fi ni sanin wannan.

Yara masu baiwa ta daban suna nan, ban musa ba, na koyar da kaɗan daga cikinsu. Irin wannan yaron ba ya kuka a kan aikin gida, shi ke damun malami da tambayar abin da ba a zo ba. Shi ma abin da ya fi masa alheri a ƙara masa littattafai da aiki mai zurfi a ajinsa.

Ga abin da za ki yi a makon nan. Ki samo littafin Turanci na aji biyar, ki buɗe shafin da ba ta taɓa gani ba, ta karanta a bayyane sannan ta ba ki labarin da Hausa. Ki yi mata tambayar kasuwa: mudun shinkafa naira 2,000, an yi ragin kashi 10 cikin ɗari, nawa za a biya? A yi wannan a gaban babanta, ba tsawa, yayarta kuma ta fita daga ɗakin. Abin da Alhaji zai gani da idonsa ya fi duk bayanin da za ki yi masa.

Sannan ku je makarantar ku biyu, ku ce a nuna muku ɗakin aji shida da malaminsa da tsarin darasin zango. Yarinyar nan amana ce Allah ya ba ku, ku za a tambaya a kanta, mai makaranta kuɗinsa kawai zai karɓa. Idan suka fara kame-kame, ku karɓi takardar canjin makaranta ku kai ta inda za ta zauna aji biyar a watan Satumba.