Ku Tambaya Mu Amsa: Aikin SIWES Cikin Kwaɗi Da Macizai

Tambaya: Malam, ina aji uku a sashen nazarin dabbobi. Ina so in yi SIWES ɗina (wato horon sanin makamar aiki da ɗalibai ke yi a wajen makaranta) a daji kan kwaɗi, ƙadangaru da macizai, amma Inna ta ce sam. Yaya zan yi? (Wata ɗaliba daga Bauchi)

Amsa: 'Yata, Inna ba ta yi laifi ba. Duk wanda ya san aikin kububuwa a ƙasar Kaltungo, inda har asibitin saran maciji ake da shi, ba zai raina tsoronta ba.

Sai dai ki faɗa mata rabin aikin tonon rami ne. Ana binne bokitai a ƙasa, a ja shingen leda tsakaninsu, da asuba a je a ga abin da ya faɗa ciki, a auna, a rubuta, a sake shi. Kwaɗi kuwa sai da daddare bayan ruwan sama, da tocilan a goshi da takalmin roba har gwiwa. Da kukansu ake fara rarrabe su, don haka ki riƙa naɗar sautin a waya. Ki roƙi a saka ki da damina, domin da rani sai ki ƙare wata shida kina ƙirga damo.

Ki sa sashenku ya rubuta wa gandun dajin Yankari, tunda kusa yake, ko na Gashaka-Gumti a Taraba. Ki tambaya tun farko: wa zai kula da ke, ina asibiti mafi kusa mai allurar dafin maciji? Kada ki kama maciji da hannu, ko da an ce matacce ne.