An buga Littafi Mai Tsarki da yawa, to su wa suka rasa?

Tambaya: Ina koyar da yara a makarantar Lahadi a Kafanchan. Kullum muna ji ana cewa babu littafin da aka buga a duniya kamar Littafi Mai Tsarki, amma duk shekara sai an karɓi baiko domin waɗanda ba su da shi. Su wane ne waɗannan mutane? Kuma a ƙasashen da yake a wadace, ana karanta shi kuwa?

Amsa: Malama, sannu da aiki. Maganganun nan biyu da kika ji duk gaskiya ne. An buga shi da yawa, sai dai bugun ya taru ne a manyan harsuna da ƙasashe masu hali.

A wajen harshe gizo ke saƙa. Harsunan duniya sun haura 7,000. Masu cikakken Littafi Mai Tsarki, Tsohon Alkawari da Sabo, 700 ne da 'yan kai. Wasu kimanin 1,700 Sabon Alkawari kaɗai gare su, wasu kuma Bishara ɗaya ko biyu. Da yake manyan harsuna irin su Turanci, Sinanci, Larabci, Swahili da Hausa duk sun samu, yawancin mutanen duniya suna da fassarar da za su iya bi. Waɗanda aka bari a baya ƙananan ƙabilu ne, kuma sun fi yawa a ƙasashe irin su Papua New Guinea mai harsuna sama da 800, da Indonesiya, da Najeriya mai sama da 500, da Kamaru da Chadi.

Abin da ke jawo jinkirin shi ne da yawa daga cikin harsunan nan ba a taɓa rubuta su ba. Sai an zauna da dattawa an tsara haruffa, an daidaita yadda za a nuna hawa da saukar murya, kafin a taɓa aya ko ɗaya. In an fassara, sai a kai ƙauye a karanta wa mutane da baki, a tambaye su me suka fahimta. Sannan masani ya gwada da asalin Helenanci da Ibrananci, aya bayan aya. Sabon Alkawari kaɗai yakan ci shekara goma ko fiye. Ko Hausa ma, James Schön ya fitar da Bisharar Matiyu tun 1857, amma cikakken littafin bai fito ba sai 1932, a aikin da Dakta Walter Miller na Zariya ya ja gaba. Ki duba majami'arku: mutum nawa ne Hausa ce harshen da suka tsotsa a nono? Bajju da Atyap da Ham sun daɗe suna sujada da Hausa, kuma ta yi musu rana. Amma tsohuwar da Hausarta ta cinikin kasuwa ce, in aka shiga wasiƙar Romawa, rabi za ta kama, rabi ya wuce ta. A ganina irin wannan rashi ya fi yawa, kuma ba a cika lura da shi ba, don ga littafin nan a hannunta.

Sai kuɗi. Takardar nan mai shara-shara ba kowace maɗaba'a ke iya bugu a kanta ba, shi ya sa kwafi da yawa da ke shagunanmu daga Sin ko Koriya ta Kudu ake kawo su. Da darajar naira ta faɗi a 2023, farashi ya bi dala sama.

Labarin Sin ɗin ma abin mamaki ne. Maɗaba'ar Amity da ke birnin Nanjing ta cika kwafi miliyan 200 a 2019, tana aika wa ƙasashe da dama. Amma a cikin ƙasar, a majami'u masu rajistar gwamnati ake sayar da shi, kuma a 2018 aka cire shi daga shagunan intanet. A Koriya ta Arewa kuwa, a kama mutum da shi babban laifi ne.

Makafi da kurame su aka fi mantawa. Cikakken littafin da rubutun makafi yakan kai mujalladi 40, ya cika kanta guda. Kurame kuwa sai a 2020 aka kammala cikakkiyar fassara ta farko cikin maganar hannu, ta Amurka, bayan aikin kusan shekara 40.

Game da karatu, Amurka ce ta fi ƙidaya a kai a kai. Binciken Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Amurka ya sha nuna cewa kusan gida tara cikin goma suna da shi, galibi fiye da kwafi ɗaya. Duk da haka, manyan da ke buɗe shi da kansu aƙalla sau uku ko huɗu a shekara kusan rabi ne a 2021, suka sauko zuwa kashi 39 cikin 100 a 2022. Waya ta sauƙaƙa samu: manhajar YouVersion da aka fara a 2008 ta wuce saukewa miliyan 500 a 2021. Amma saukewa daban, karantawa daban.

Ina da ja da irin wannan ƙidaya in za a auna mu da ita. Tana lissafa mai zama shi kaɗai ya buɗe littafi. A yawancin Afirka da kunne ake ɗauka: addu'ar asuba inda yaro ɗan firamare ke karanta wa iyali, zumuntar mata, haddar ayoyi. Akwai wadda ba ta san "a" ba, amma Zabura 23 na bakinta daga farko har ƙarshe. Shi ya sa ƙungiyar Faith Comes By Hearing ke raba wata na'ura mai suna Proclaimer, mai caji da hasken rana, a ajiye ta a tsakar gida jama'a su kewaye su saurara.

In an zo karɓar baikon bana, ki tambayi fasto ko kuɗin na bugu ne, ko na fassara, ko na ɗaukar murya, kuma wane harshe za a yi wa.