Shekara Nake Biya, Amma An Ba Ni Wata Ɗaya In Tashi

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ina haya a Kubwa, ciki biyu da falo, shekara-shekara nake biya tun 2021, kuma kuɗina ƙarshen Disamba yake ƙarewa. Ba mu rubuta yarjejeniya ba, rasit kawai ake ba ni. A watan Satumban nan dillali ya kawo min takarda wai in tashi cikin wata ɗaya, mai gida zai yi gyara ya ƙara kuɗi. Ya ce in na ƙi za a cire ƙofa a yanke wuta. Ina mafita?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam. Kwantar da hankalinka, takardar nan ba ta isa ta fitar da kai ba.

Abin da kotu ke fara dubawa shi ne irin hayar da ake yi. Akwai haya mai wa'adi, wadda aka rubuta ranar shiga da ranar fita. Ita da kanta take ƙarewa idan ranar ta zo. Akwai kuma haya mai zagayowa, ta mako, ta wata, ta wata uku ko ta shekara, wadda ke sabunta kanta duk lokacin da aka biya aka karɓa. Taka irin ta biyun ce, kuma rasit ɗinka shi ne shaida. Rashin yarjejeniya a rubuce bai rage maka komai ba. Hasali ma ya taimake ka, domin wasu takardun da dillalai ke bugawa suna ɗauke da sharaɗin notis ɗin wata ɗaya, kuma wanda ya sa hannu a kai ya ɗaure kansa.

Tunda babu wannan sharaɗi, dokar karɓar gida daga ɗan haya ta Abuja ce ke magana. Mai biyan mako, notis ɗin mako ɗaya. Mai biyan wata, wata ɗaya. Mai biyan wata uku, wata uku. Mai biyan shekara, wata shida cur, kuma a bisa ƙa'ida ya kamata wa'adin ya cika tare da ƙarshen shekarar hayarsa. Ke nan da mai gidanka na son ka fita a Disamban bana, da kafin Yuni ya fita ya kamata takarda ta iso hannunka. Ka kuma tambayi dillalin nan ko yana da rubutaccen izinin mai gida na ba da notis. Sau da yawa ba su da shi, baki ne kawai.

Ko notis ya cika daidai, ba a nan ake fitar da mutum ba. Sai an sake ba shi takarda ta biyu, ta kwana 7, wadda ke sanar da shi cewa mai gida zai je kotu. Daga nan sai shari'a, sai hukunci, sannan ma'aikatan kotu su zo. Cire ƙofa, kwashe kwanon rufi, yanke wuta ko watso kaya waje duk ɗaukar doka ne a hannu. In suka yi, ɗauki hoto, ka samu maƙwabta biyu su gani da idonsu, ka kai rahoto ga 'yan sanda, kuma kana da damar neman diyya a kotu. Ƙarin kuɗin haya ma tayi ne, ba umarni ba. Sai ka amince yake hawa kanka.

Sai dai ba zan ɓoye maka ba, gidan nasa ne, kuma daɗe ko ba daɗe zai karɓe shi. A 2021, a shari'ar da aka yi tsakanin kamfanin Pillars da Desbordes, Kotun Ƙoli ta nuna cewa shigar da ƙara kansa na iya gyara kuskuren da ke cikin notis. Tun daga nan dogaro da kuskuren takarda don a daɗe a gida ya rage ƙarfi. Kuma duk ranar da ka zauna bayan hayarka ta ƙare a doka, akwai kuɗin zaman bayan wa'adi da alƙali zai lissafa maka. Ba zaman kyauta ba ne.

Don haka ga abin da nake ganin ya fi maka. Rubuta wa mai gidan kansa, ba dillali ba, cikin ladabi, ka ce kai ɗan hayar shekara ne kuma notis ɗin wata shida ne haƙƙinka, ka riƙe kwafi. Idan Janairu ta zo kana ciki, tura kuɗin da ka saba biya ta banki, kada bashin haya ya hau kanka, domin shi ne ke karya ɗan haya a gaban alƙali. Sannan ka nemi a zauna da wani dattijo da yake jin maganarsa, ko a cibiyar sulhu ta Babbar Kotun Abuja, a yanke ranar tashi da za ta ishe ka neman wani gida, ko ƙarin da za ka iya ɗauka. Duk abin da aka cim ma a rubuta, har da yadda za a mayar maka da kuɗin ajiyar ɓarna in ka bayar lokacin shiga.

Masu karatu da ke Mararaba ko Suleja su lura: can dokokin jihohin Nasarawa da Neja ne ke aiki, sai a duba su kafin a ƙirga kwanakin notis.