Me ya sa rubutun da ke kai mutum kotu a Jamus ba laifi ba ne a Amurka?

Tambaya: Malam, na ji cewa a Jamus 'yan sanda kan je har gidan mutum saboda ya zagi wata al'umma a Facebook, alhali a Amurka mutum zai rubuta abin da ya fi wannan muni kuma ba mai taɓa shi. Ashe ba dukansu ƙasashen dimokuraɗiyya ba ne? Wane ne a kan daidai?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ka ji haka yake. Ƙasashen biyu duk sun rubuta 'yancin faɗin albarkacin baki a kundin tsarin mulkinsu. Inda suka rabu shi ne abin da kowacce take tsoro, domin wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi.

Abin da Amurka take tsoro gwamnati ce. Gyara na farko da aka yi wa kundinta a 1791 ya hana majalisa yin dokar da za ta tauye magana, amma hakan bai hana masu mulki gwadawa ba. A 1918 an yanke wa ɗan siyasa Eugene Debs ɗaurin shekara 10 kan jawabi guda da ya yi yana sukar shiga yaƙin duniya na farko. Irin waɗannan shari'o'i ne suka sa alƙalan ƙasar suka riƙa ƙuntata hannun hukuma, har aka zo kan shari'ar Clarence Brandenburg. Shi wannan jagora ne a Ku Klux Klan, ƙungiyar masu fifita farar fata, a jihar Ohio. Ya gayyaci ɗan jarida da kyamara zuwa taronsu, aka ɗauke su rufe da fuska, wasu riƙe da bindigogi, suna aibata baƙar fata da Yahudawa. Jihar ta hukunta shi, amma a 1969 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin. Ƙa'idar da ta kafa har yau ita ake bi: ba a hukunta magana sai in an yi ta da nufin tunzura mutane su karya doka nan take, kuma akwai alamar za su karya ɗin. Saboda haka a dokar Amurka babu wani laifi mai suna kalaman ƙiyayya. Kamfani na iya goge rubutunka, mai aiki na iya korarka, amma gwamnati ba ta da hurumin ɗaure ka a kan munin ra'ayinka kawai.

Jamus kuwa ta ga inda magana take kaiwa. Shekaru kafin gwamnatin Nazi ta Hitler ta fara loda Yahudawa a jiragen ƙasa zuwa sansanonin kisa, jaridar Der Stürmer ta Julius Streicher tana zana su a matsayin annoba, mako bayan mako. Kotun Nuremberg ta yanke masa hukuncin kisa, aka rataye shi a 1946, kuma babban abin da aka kama shi da shi alƙalaminsa ne. Shi ya sa kundin Jamus na 1949 ya buɗe da cewa ba a taɓa mutuncin ɗan Adam. Sashe na 130 na dokar manyan laifuka ya haramta tunzura jama'a a kan wata al'umma, kuma musanta kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa na iya jawo ɗaurin shekara 5. A 2017 suka ƙara da dokar da ta ba manyan shafukan sada zumunta awa 24 su cire rubutun da ƙarara ya saɓa doka, in kuwa suka yi sakaci da tsarin, a lokacin tarar na iya kaiwa yuro miliyan 50, kafin a soke mafi yawan dokar a 2024.

Akwai kuma wata rabuwar, wadda ta fi zafi: shin abin da ake karewa mutum ne kaɗai, ko har da abin da ya ɗauka da tsarki? Faransa tana hukunta zagin mutum saboda addininsa, amma ba ta hukunta zagin addinin kansa. Ga mafi yawan Musulmi wannan rarrabewar ba ta shiga kai, domin wanda ya taɓa Annabi, Sallallahu alaihi wasallam, ya taɓa su fiye da in ya zagi iyayensu. Suna kuma tambaya: ƙasar da tun 1990 ta haramta musanta kisan Yahudawa, ta yaya za ta ce ba ta san a hana magana don raɗaɗin wasu ba? Ni ina ganin tambayar tana da nauyi, ko da yake babu amsar da za ta halatta zubar da jini irin wanda aka yi a ofishin mujallar Charlie Hebdo, mai buga zanen ɓatanci ga Annabi, a Paris a 2015. Kuma layin ba a daskare yake ba. Denmark ta soke dokar saɓo a 2017, sai ga shi a Disamban 2023, bayan ƙone-ƙonen Alƙur'ani a bainar jama'a, ta yi sabuwar dokar hana wulaƙanta littattafan addini.

Intanet ce ta haɗa duk waɗannan a fili ɗaya. Manyan kamfanonin na Amurka ne, da tarbiyyar Amurka suka taso, sannan suka shiga ƙasashen da ba su san harshensu ba. A Myanmar, inda Facebook ya zama kusan shi ne intanet ga mutane da yawa, an daɗe ana yaɗa ƙiyayyar Rohingya alhali masu tace rubutu da ke jin harshen ƙasar 'yan ƙalilan ne. Daga Agustan 2017 sama da 'yan Rohingya 700,000 suka tsere zuwa Bangladesh, kuma a 2018 kamfanin ya amsa cewa bai yi abin da ya kamata ba.

Kan wane ne a kan daidai, ga nawa ganin. Sharaɗin "nan take" na Amurka ya yi ƙunci. Gidan rediyon RTLM a Ruwanda ya yi watanni yana kiran 'yan ƙabilar Tutsi kyankyasai kafin a fara yi musu kisan kiyashi a Afrilun 1994, kuma duk wanda ya jira har sai an ce a fito da adduna, ya makara. Amma ina tsoron dokar da ba ta fayyace laifi ba daidai da yadda nake tsoron wannan, domin mai mulki ne ke fassara ta. A 2012 a Indiya an kama wata budurwa saboda ta rubuta a Facebook cewa bai kamata a rufe birnin Mumbai don mutuwar wani ɗan siyasa ba, aka haɗa da ƙawarta da ta danna alamar so kawai. Sashen dokar da aka yi amfani da shi, 66A, ya haramta saƙo mai "ɓata rai", kuma sai a 2015 Kotun Ƙolin Indiya ta soke shi.

Ma'aunin da na fi natsuwa da shi shi ne wanda masana suka fitar a Rabat a 2012 ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Kafin a ce magana ta zama laifi, a duba abubuwa 6: halin da ƙasa ke ciki, matsayin mai maganar, niyyarsa, abin da ya faɗa da yadda ya faɗe shi, nisan da maganar ta yi, da yiwuwar ta jawo cutarwa. A wannan ma'auni, matashin da ya yi baƙar magana ga mabiya 40 ya cancanci a tsawata masa ko a goge rubutun. Shugaban jam'iyya ko mai wa'azi da ke da mabiya miliyan, ya kira wata ƙabila ƙwari ana saura mako guda zaɓe a garin da aka taɓa yin rikici, wannan maganarsa ta kotu ce.