Amsa kan hoton MRA da aka rubuta wa Mama

'Yar'uwa, sannu da jinya, Allah ya ba Mama lafiya. Kin ce hannunta na dama ya saki, maganarta ta harɗe na 'yan mintoci sannan ta warware, likita ya rubuta MRA, wato hoton jijiyoyin jini, na kai da wuya, kina tambaya ko da haɗari, ko kuma a dakata tunda ta ji sauƙi. A ɗakin MRI, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, nake aiki, kuma shawarata kada ku dakata. Abin da ya same ta gargaɗi ne, kwanakin farko bayansa aka fi tsoron shanyewar ɓarin jiki.

Na'urar MRI ce dai ke ɗaukar MRA, sai dai jijiyoyin jini take fitowa da su. Da maganaɗisu take aiki, babu tururin X-ray a ciki. Babban abin da likitan ke nema shi ne kitsen da ke daskarewa a bangon jijiyar wuya, galibi daidai inda ta rabu biyu a ƙasan muƙamuƙi. Yana tsuke hanyar jini, ko ɓarɓashinsa ya ɓalle ya toshe wata ƙaramar jijiya a ƙwaƙwalwa. Tunda hannun dama ne da magana, jijiyar hagu za a fi zuba wa ido, don ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne galibi ke sarrafa su. Idan tsukewar ta kai kashi 70 cikin 100 ga wanda ya nuna alama, akan yi zancen tiyata. In kaɗan ce, magani ne da kula da hawan jini da suga.

Hoton yana kuma nuna inda bangon jijiya ya yi rauni ya kumbura kamar balan-balan. Nan nake ganin mutane suna rikicewa da sun karanta takardar sakamako. Kusan mutum 3 cikin 100 na manya suna da irin wannan kumburi, mafi yawansu har su tsufa bai fashe ba. Wanda bai kai milimita 7 ba sau da yawa sa ido ake yi, amma likitan ƙwaƙwalwa ne zai yanke, bisa wurin da yake da siffarsa.

Don Allah ku faɗi duk ƙarfen da ke jikinta, musamman na'urar bugun zuciya ko ƙarfen wata tsohuwar tiyata. A cire 'yan kunne da fil ɗin mayafi, a wanke kwalli. In za a yi allurar gadoliniyam, wato ruwan da ke sa jijiyoyi su fito sosai a hoto, sai an duba ƙodarta tukuna. Hoton kai ma sau da yawa ba a buƙatar allurar.

Kamar rabin awa za ta yi a kwance, ga ƙara mai yawa, za a toshe mata kunne. Ki lallashe ta tun daga gida kada ta motsa, don ko haɗiyar yawu da yawa tana ɓata hoton wuya.

In kafin ranar bakinta ya karkace, hannun ya sake saki, ko ciwon kai mai tsanani ya sauko mata farat ɗaya, ku wuce sashen gaggawa nan take, ko da tsakar dare ne.